Yadda ake lissafin zagayen waya kafin a sake naɗa taransfoma mono (mai layin wuta ɗaya)

Yawancin taransfomomin da ake kawowa shagunan naɗi a Maradi ƙanana ne: na cajar batir, na istabilizato, jefi-jefi na injin walda. Yaran shago sun iya kwance ƙonanniyar waya, sun iya jera sabuwa tsaf, amma tambayi ɗaya me ya sa zagaye 860 ba 700 ba, sai ya ce haka maigida yake yi. Daga nan aikin yake lalacewa.

Kuran ɗin NIGELEC volt 220 ne, yana juyawa sau 50 a sakan ɗaya, maganaɗisun da ke ratsa zuciyar ƙarfen kuma yana hawa da sauka tare da shi. Wannan hawa da saukar ne ke haifar da volt a kowane zagaye, abin da Michael Faraday ya gano a 1831. Tunda maganaɗisu ɗaya ne ke ratsa su duka, kowane zagaye, na naɗin shiga ko na naɗin fita, rabonsa na volt ɗaya ne. Lissafin shi ne E = 4.44 × f × N × B × A, wato E volt ne, f yawan juyawar kuran, N yawan zagaye, B cunkoson maganaɗisu a tesla, A kuma faɗin ƙarfen a mita murabba'i.

Fara da awon ƙarfe. Auna faɗin harshen tsakiya na farantin ƙarfe mai siffar harafin E, ka auna kaurin jerin farantan a matse. A ce santimita 3.2 da santimita 4, ya ba ka 12.8. Ninka da 0.9 saboda fenti da ƴar iskar da ke tsakani, ka samu 11.5. Da abin awo za ka auna, ba da ido ba.

Sai ka raba 45 da wannan adadi. Wannan 45 ɗin daga lissafin sama ya fito, in f 50 ne, B tesla 1, A kuma a santimita murabba'i. A misalinmu ya ba da zagaye 3.9 ga kowane volt, wato kusan 860 a naɗin shiga. Akwai masu amfani da 38, suna kai ƙarfen tesla 1.2. A sabon ƙarfe mai kyau ba laifi, amma ƙarfen da ya taɓa ƙonewa, da wanda aka tsinto a wajen ƴan gwangwan, ni 45 nake ba shi, ba na saurarar kowa a kan haka.

Yanzu ga wurin da nake roƙon a tsaya. Jan ƙarfe ya yi tsada, mai kaya yana ta ciniki, sai yaro ya ce bari ya rage naɗin shiga zuwa 700, ya rage na fita daidai da haka, ai volt ɗin fita bai canja ba. Gaskiya ne, mita za ta nuna masa abin da yake so. Amma volt ɗin shiga ba shi ya zaɓa ba, yawan juyawar kuran ma haka, faɗin ƙarfen kuma yana nan yadda yake. Abin da ya rage ya motsa B ne kawai, sai ya hau zuwa 1.23. Da tsakar dare kuran ya kai volt 240, B ya zama 1.34. In aka ɗauke wuta aka tada gurup mai tafiyar hawainiya, yana juyawa sau 45 maimakon 50, ya kusa 1.5. A nan tsohon ƙarfe ya fara ƙoshi, kamar soson da ya sha ruwa ba ya karɓar ƙari. Naɗin shiga sai ya riƙa jan kuran mai yawa ko ba a haɗa komai a bakin fita ba. Za ka ji shi yana gurnani a kan tebur, ka ɗora bayan hannu bayan minti goma ka ji zafi, can sai warin fenti. Ka tuna da zafin Afrilu da Mayu na garin nan, wanda ke wuce digiri 40 a inuwa. In taga, wato gurbin da wayar ke zama a jikin ƙarfen, ta yi maka kaɗan, nemi babban ƙarfe, kada ka taɓa yawan zagayen.

Naɗin fita ba wuya. Kana son volt 14, ninka da 3.9, ƙara kashi 5 cikin ɗari saboda faɗuwar volt in an ɗora kaya, ka samu 57 ko 58. Kaurin waya a milimita kuwa 0.65 ne a ninka da tushen murabba'in ampiya: a ce ampiya 0.45 a naɗin shiga, tana son waya 0.45 ko 0.5, ampiya 7 a naɗin fita na son 1.7. Kankare bakin wayar tun a kasuwa kafin ka biya, don akwai alminiyom da aka rufe da jan launi, ana sayarwa kamar ta jan ƙarfe.

In wani ɓangaren na raye kuma ba ka san lissafinsa ba, cire shi daga wuta, zura siririyar waya mai roba zagaye 10 ta taga, mayar da wuta ka auna. In ka ga volt 2.6, raba 10 da shi, ga zagayenka na kowane volt ba tare da ka kwance komai ba.

Wajen mayar da farantai, a saɓa su, E ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, kuma kada a goge fentinsu da sanfefa. Fentin nan ne ke hana kuran kewayawa cikin ƙarfen yana dafa shi. Takarda tsakanin naɗin shiga da na fita dole ce.

Gwajin farko kada ka haɗa kai tsaye. Sa ƙwan fitila irin na da mai zare, na wat 60, a jere da naɗin shiga. Yanzu sun yi wuyar samu, in ka gani sayi biyu ka ajiye. In ya yi ja-ja kaɗan ko bai kama ba, aiki ya yi. In ya haska sosai, akwai zagayen da ya taɓa ɗan'uwansa, sai kwancewa. Wanda ya ci gwaji a bar shi awa ɗaya a wuta babu kaya, a tsoma shi a barnis, ya bushe sarai kafin a kira mai shi.