Yadda za ka bi sawun kuɗin da wayarka ke ci kafin su zarce ƙima

Yawancin kuɗin da ke zurarewa a waya ba kira ne ke cinye su ba. Suna tafiya ne lokacin da wayar ke aljihu ko a kan caji da dare, tana sabunta manhajoji, tana tura hotuna ma'ajiyar intanet, ko wani tsari da ka shiga tun watannin baya yana sabunta kansa. Aikin shi ne ka gano ta ina kuɗin ke fita, ka toshe wurin.

Lissafi biyu ne za ka riƙa dubawa. Na farko na kamfanin layinka ne, ana ganinsa a manhajar kamfanin ko ta lambar duba balas mai farawa da * ta ƙare da #. Da shi ake cajinka. Na biyu yana cikin wayar, shi ke nuna wace manhaja ce ta sha nawa. A Android ka shiga Settings, ka nemi Data usage, ka saita ranar fara ƙirga ta zo daidai da ranar da ka sayi data ko ranar da watan biyanka ke farawa. Sannan ka sa gargaɗi a kashi 80 cikin 100 na abin da ka saya, ka sa iyakar da za ta yanke data a kashi 95. Kada ka sa iyakar daidai cif, domin ƙirgar waya da ta kamfani sukan ɗan sha bamban, kuma ta kamfani ce ke aiki. A iPhone jerin yana ƙarƙashin Cellular ko Mobile Data, amma a mafi yawan layuka ƙirgar ba ta komawa sifili da kanta. Sai ka gangara ƙasa ka danna Reset Statistics a ranar da ka sa sabuwar data, in ba haka ba abin da za ka gani tarin watanni ne da ba zai amfane ka ba.

Daga nan ka raba data da kwanaki. Mai 10GB na kwana 30 yana da kusan 330MB a rana, wato kusan 2.3GB a mako. Ka ware rana ɗaya a mako ka duba. In makon farko ya ci 4GB, ka san ba za ta kai ƙarshen wata ba, kuma jerin manhajoji zai nuna maka mai laifin tun da sauran lokaci.

Kusan kullum bidiyo ne a saman jerin. Netflix da kansa ya ce kallo mai inganci na HD kan ci har 3GB a awa ɗaya, na 4K kuwa har 7GB. A ƙaramin allon waya, 480p ya wadatar ga yawancin kallo, don haka ka sauke ingancin a YouTube ka bar shi a nan, ka kuma kashe kunna bidiyo da kansa a Facebook da Instagram. A WhatsApp ka shiga Storage and data ka cire alamar sauke hoto, sauti, bidiyo da takardu ta datar layi. Rukuni guda mai yawan tura bidiyo yana iya cinye rabon yini kafin ka buɗe saƙo ko ɗaya.

Akwai kuma masu sha a ɓoye. Play Store da App Store su riƙa sabunta manhajoji ta Wi-Fi kaɗai, haka ma ajiyar hotuna ta Google Photos ko iCloud. Android na da Data Saver, iPhone na da Low Data Mode tun 2019, dukansu suna rage aikin da manhajoji ke yi a bayan fage. Masu iPhone su duba Wi-Fi Assist, wanda ke zuwa a kunne: da zarar Wi-Fi ya yi rauni, sai wayar ta koma datar layi shiru, kai kuwa kana zaton a kan Wi-Fi kake. In kana raba data da kwamfuta ta hotspot, ka sani kwamfutar ta ɗauka intanet ɗin gida ta samu, za ta iya janyo sabuntawar gigabait da yawa. A Windows ka sa wannan haɗin a matsayin Metered connection kafin ka fara aiki.

Inda cajin ya fi zafi shi ne bayan data ta ƙare. Kamfanoni da yawa ba sa yanke intanet, sai su ci gaba da caji a farashin kowane megabait, wanda yakan ninka na tsarin wata nesa ba kusa ba. Mai sa kati zai ga kuɗin kiransa sun ƙafe cikin mintoci. Mai biya a ƙarshen wata shi ya fi shiga uku, don ba zai ankara ba sai takardar biya ta iso. Ka kira kamfanin ka tambaya ƙarara: me ke faruwa in data ta ƙare? Ka nemi a hana caji a wajen tsari, ko a sa wa layin iyakar kashe kuɗi ta wata. Ka kuma tambaya ko tsarinka yana sabunta kansa, da ko ragowar data tana tsallakewa zuwa wata mai zuwa. Mai layi biyu a waya ɗaya ya tabbatar wanne aka zaɓa don data, domin kuskuren nan kaɗai ya isa ya share balas.

Ƙananan cire-cire na kullum ma suna taruwa: waƙar jiran kira, sakamakon ƙwallo, wasanni, hasashen taurari. Sau da yawa danna talla ɗaya a shafin intanet ne ke shigar da mutum, ana cirewa kai tsaye daga layinsa. Ka nemi kamfanin ya ba ka jerin duk tsare-tsaren da ke kan lambarka, ya soke waɗanda ba ka so, ya kuma toshe cajin wasu kamfanoni ta layinka. Ka leƙa Subscriptions a Play Store ko App Store, musamman manhajojin da suka ba ka gwajin kyauta. Goge manhaja daga waya ba ya soke biyan kuɗinta.

Saƙon tes yana da nasa tarko. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma in ka sa emoji ko harafi mai lanƙwasa irin ƙ, ɗ da ɓ, iyakar takan sauka zuwa 70. Rubutun da ka ɗauka saƙo ɗaya ne sai a caje shi a matsayin uku. Haka nan in lambar ƙasar waje da ba ka sani ba ta yi maka fulashin sau ɗaya ta katse, kada ka bi kiran. Damfara ce sananniya, lambar mai tsadar gaske ce, kuma masu ita suna samun kaso a kowane minti da ka yi a kan layi.

Kafin tafiya ƙasar waje ka kashe Data roaming, wato yawon data a kan sabis ɗin wata ƙasa, tun kana gida, ka sayi tsarin tafiya ko layin ƙasar da za ka. A waje har amsa kira ana iya cajinka. Tarayyar Turai ta soke ƙarin cajin yawo tsakanin ƙasashenta a 2017, amma wannan na masu layukan yankin ne, kuma bai shafi sabis na tauraron ɗan adam da ke cikin jiragen ruwa da na sama ba, wanda tsadarsa ba a magana. Mazauna kusa da iyaka su zaɓi kamfaninsu da hannu a saitin waya, don kada ta kama sabis ɗin maƙwabciyar ƙasa suna zaune a ɗakinsu.

In ka ga cajin da ba ka gane ba, ka ɗauki hoton allo na balas da na ƙirgar waya a ranar, ka nemi cikakken bayanin amfani mai nuna rana, lokaci da adadi, ka shigar da ƙorafi a rubuce ka karɓi lambar ƙorafin. Mai biyan wata ya biya ɓangaren da bai musanta ba don kada a rufe layin. In kamfanin bai warware ba cikin wa'adin da ya bayar, ka kai maganar gaban hukumar kula da sadarwa ta ƙasarka, tare da lambar ƙorafin da hotunan.