Faifan kwamfuta na ƙara: kurakuran da na gaji da gani

Na gaji da maimaita magana ɗaya ga masu kawo mini kwamfuta suna cewa faifan ajiyarta (hard disk) ya dame su da ƙara, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya huta. Faifan nan inji ne mai motsi. A cikinsa akwai faranti da ke juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da wata 'yar allura mai karatu da rubutu da ke shawagi a samansa. Tazarar da ke tsakaninsu, ƙwayar ƙura ma ta fi ta girma. Saboda haka ɗan gurnani da "ƙir-ƙir" lokacin da kake kwafar fayil ba ciwo ba ne, aikinsa ke nan.

Ƙarar da ya kamata ta tsorata ka ita ce "ƙas… ƙas… ƙas" da ke maimaituwa daki-daki, kwamfuta ta tsaya cak. Allurar ce ke fita neman bayanai, ta kasa, ta koma, ta sake fita. A nan ne na yi asarar da har yau ban manta ba. Faifaina ya fara wannan ƙara da aikina na shekara shida a cikinsa, ba ni da kwafi ko ɗaya. Maimakon in kashe, sai na yi ta kunnawa ina kashewa, ko Allah zai sa ya tashi. Da ya tashi sau ɗaya, ban kwashe kayana ba, sai na sa masa chkdsk, manhajar Windows mai duba faifai da gyara shi, ya kwana yana wai gyara. Mara lafiyar da ke numfashi da ƙyar na sa gudun dare. Da safe kwamfuta ba ta ma ganinsa.

Ban tsaya nan ba. Na ji ana cewa a naɗe shi a leda a sa a firiza, na sa. Abin da ya faru shi ne, da na fito da shi ya sha iska mai ɗumi, raɓa ta kwanta a kansa ciki da waje, na kuma kunna shi a haka. Da mai ceto bayanai ya buɗe shi a ɗakinsa mara ƙura, ya nuna mini wani zobe da allura ta kankare a jikin farantin, ga ɗan gari toka-toka a gefe. Ya ce wannan garin shi ne fayilolina.

Tun daga ranar, in na ji "ƙas-ƙas" nakan kashe nan take. In faifan yana karantuwa, nakan ɗauki kwafinsa gaba ɗaya zuwa wani faifan da manhajar ceto bayanai mai suna ddrescue, domin takan tsallake wuraren da suka lalace ta fara kwashe masu lafiya. In ba ya karantuwa kuma kayan na da muhimmanci, sai gwani. Kai kuma mai ɗauko sukudireba ka buɗe murfinsa a kan tebur don ka "ga abin da ke ciki", me za ka gani? Wai har da hura masa iska da baki! Masu ɗan bubbuga shi da tafin hannu ma na san ku.

Wani kuskuren kuma na masu son shiru ne ko ta halin ƙaƙa. Su naɗe faifai da soso ko tsumma, ƙara ta ragu, zafi ya taru ya dafa shi. Sau da yawa ma gurnanin ba daga faifan yake ba, girgizarsa ce ke ratsa ƙarfen akwatin kwamfutar ya koma kamar ganga. Dafa gefen akwatin da hannu; in ƙarar ta ragu, to ka gano. Ni nakan ɗaure sukurori huɗun da ke riƙe faifan a jikin akwatin duka, ba biyu ba, in sa musu 'yan zobban roba, in bar wa iska hanya.

Kafin ka zargi faifai, duba fanka, don ƙura ko waya da ke taɓa fikafikanta ta sa an sauya faifai masu lafiya da yawa. Faifan waje, wanda ake jonawa ta ramin USB, mai kukan "tsit-tsit" ya ƙi juyawa, sau tari wuta ce ba ta ishe shi ba: USB 2.0 na ba da wuta miliamfa 500, USB 3.0 kuwa 900, don haka sauya kebul ko rami tukuna. Kada ka ɗaga kwamfutar cinya ka yi ta yawo da ita faifai na juyawa. "Ƙas" guda ɗaya jefi-jefi kuma allura ce ke komawa mazauninta. Wasu tsofaffin faifan WD Green na kamfanin Western Digital kan yi haka bayan daƙiƙa 8 kacal na zaman banza.

Sai masu dogara da kunne kaɗai. Faifai na iya mutuwa shiru. Ni duk farkon wata nakan buɗe manhajar CrystalDiskInfo in duba bayanan SMART, wato rahoton da faifai ke adanawa kan lafiyarsa, musamman layin 05 da C5, masu ƙirga gurabun da suka lalace da waɗanda ake zargi. In lambar ta tashi daga sifili kuma tana hawa, a ranar nake kwashe kayana, manhajoji su koma kan SSD, wato ma'ajin bayanai wanda ba shi da abin da ke juyawa, tsohon kuma ya shiga aljihun tebur da takarda manne a jikinsa.