Yadda Ake Ƙirƙiro Sabon Fage Don Ƙarin Ayyukan Wasan Sanɗa

Duk mai buga wasan sanɗa, wato wasan bidiyon da ake kammala aiki ba tare da masu gadi sun ankara ba, da ya kai ƙarshe sai ya fara hasashen inda ya kamata a kai shi a ƙarin ayyukan da ake saukewa daga baya. Yawanci wuri mai kyan gani ne ke fara faɗo masa a rai: tsibiri, dogon bene, fada. Amma abin da ke riƙe irin wannan wasa shi ne dokar wurin, wa aka yarda ya shiga ina, kuma da ƙarfe nawa. Biro da takarda sun ishe ka ka tsara naka.

Da farko, zaɓi wurin da mutane ke zuwa aiki kullum: banki, asibiti, otal, jirgin ruwan yawon buɗe ido. Irin waɗannan wurare da tsarinsu suke zuwa, akwai mai shara, mai girki, mai gyaran wuta, kowa da kayan aikinsa da iyakarsa. Kamfanin IO Interactive na Denmark, mai yin jerin wasannin sanɗa na Hitman, ya gane haka. A ƙarin da ya yi wa Hitman 2 a 2019, wani banki a New York ya kai 'yan wasa.

Na biyu, kuma nan ne aikin yake, raba wurin gida uku: inda kowa ke shiga, inda ma'aikata kaɗai ke shiga, da inda sai manya. Sannan a kowace iyaka ka tambayi kanka, me ke buɗe ta? Kati ne, mabuɗi ne, ko rigar aiki? A asibitin Hokkaido na Japan, cikin Hitman na 2016, tufafin da ke jikinka su ke buɗe ƙofa. Rigar majiyyaci ba za ta kai ka inda ta likita ke kaiwa ba. Sai dai kada ka bar ɓad-da-kama ta zama maganin komai. Sanya wani tsohon ma'aikaci da ya san fuskar abokan aikinsa, wanda ko ka sa rigarsu zai tsare ka da ido. Mutum ɗaya irin wannan a tsakiyar baranda ya fi masu bindiga goma tayar wa ɗan wasa da hankali.

Na uku, duba haske da ƙara. Wasan Thief na 1998 ya koyar da wannan darasi tun tuni: taku a kan tayil ko ƙarfe yana tona asiri, kafet kuwa yana rufawa, kuma ana kashe wutar bango da kibiyar ruwa don a samu duhu. A taswirarka ka shafa baƙi inda inuwa take, ka kuma nuna inda inji ko kiɗa ke haɗiye ƙarar sawu.

Na huɗu, buɗe hanyoyin shiga aƙalla uku, kowace da nata kasadar: ƙofar gaba ga mai ɓad-da-kama, rufi ga mai iya hawa, magudanar ruwa ga mai haƙuri. Ka guji wuri siriri dogo. A ganina jirgin ƙasan da aka rufe Hitman 3 da shi a 2021 ya yi kyau a labari, amma tarago bayan tarago ba ya barin mutum ya zaɓi komai. Hanyar fita ma a zana ta tun yanzu, don yawancin masu hasashe mantawa suke yi da ita.

Na biyar, ba wa mutumin da aka tura ɗan wasa ya nema zagayen da yake bi kullum. Ya sha shayi nan, ya amsa waya can, ya koma ofis. Sai ka ƙara wani abu da ɗan wasa zai taɓa ya karya zagayen, kamar katse wuta ko buga ƙararrawar gobara.

Idan sabon wuri ya ƙi zuwa maka, sauya wa tsoho lokaci. Haka aka yi a 2016 da garin Sapienza na cikin wasan Hitman: aka mayar da shi dare, aka kafa dandalin ɗaukar fim a tsakiyarsa, tituna na nan yadda suke amma mutane da dokoki duk sun canja. Kasuwar Marrakesh ta cikin wasan ma an sake fito da ita da dare.

Daga nan sai gwaji. Jera maɓallan riga a kan taswirar a matsayin masu gadi, ka riƙa matsar da su taku-taku, ka ba wani aboki ya nemi hanyarsa ba tare da ka ce masa uffan ba. In ya wuce ba gargada, ƙara ido a iyaka ta biyu. In ya maƙale wuri guda har sau uku, buɗe masa taga a kusa da wurin.