Yadda Ake Zaɓen Ekstanal Don Kwamfutar Tafi-da-gidanka

Kafin mutum ya tambayi kuɗin ma'ajiyar bayanai ta waje, wadda masu shagunan kwamfuta a Birnin Kebbi suke kira ekstanal, ya kamata ya san ko a ɗaki za ta zauna ko a jaka za ta riƙa yawo, domin wannan ne zai nuna masa irin da ya dace da shi.

Ekstanal nau'i biyu ce, HDD da SSD. Nau'in HDD yana da faifai a ciki wanda galibi yake juyawa sau 5,400 a minti ɗaya, saboda haka faɗuwa guda daga kan tebur yana cikin aiki kan iya kashe shi. Nau'in SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinsa, ya fi jure jijjiga, kuma saurinsa ya ninka na HDD sau huɗu ko fiye, sai dai ya fi tsada nesa ba kusa ba. Mai ɗaukar bidiyon biki da ke hawa babur zuwa Argungu ko Jega, a ganina gara ya daure ya sayi SSD ko da ƙarama ce. Ɗalibin da zai ajiye littattafai da karatuttukan malamai a ɗakinsa, HDD mai terabayit 1 ta ishe shi.

Idan HDD ce, a ɗauki ƙarama mai inci 2.5 wadda ke shan wuta daga jikin kwamfutar. Babbar mai inci 3.5 sai an jona ta a bango, kuma ɗaukewar wuta ana tsakiyar kwafi na iya ɓata fayiloli. A duba ramukan kwamfutar ma: USB 3.0, wanda cikinsa kan zama shuɗi, ya fi tsohon USB 2.0 sauri ƙwarai, wasu sababbin kwamfutoci kuma sai USB-C kaɗai.

Inda aka fi cutuwa shi ne wajen jabu. Akwai masu ɗauke da sunan Seagate, Toshiba ko Western Digital a kwali, alhali ɗan ƙaramin filashi ne aka manna a ciki aka sa shi yana nuna terabayit 2; da zarar ya cika sai sababbin fayiloli su hau kan tsofaffi ba tare da an sani ba. Araha fiye da kima ita ce alama ta farko. A je shago da kwamfuta, a gwada da manhajar H2testw, wadda ke cika ma'ajiyar da bayanai sannan ta sake karanta su. Tana cin sa'o'i, don haka a yi yarjejeniyar mayarwa kafin a biya. In ta hannu ce, manhajar CrystalDiskInfo tana nuna lafiyarta da yawan sa'o'in da ta yi tana aiki. Amma kada a zargi mai shago don terabayit 1 ta nuna gigabayit 931 a Windows, bambancin lissafi ne kawai: kamfani da 1,000 yake ƙirga, Windows da 1,024.

Saura tsarin ajiya, wato yadda ma'ajiyar ke tsara fayiloli a cikinta, wanda ake sauyawa tun tana fanko domin yin hakan yana goge komai. Mai Windows kaɗai ya bar ta a NTFS, wanda zai riƙa kai ta kan Mac, wato kwamfutar kamfanin Apple, ya mayar da ita exFAT, a kuma guji FAT32 domin ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce gigabayit 4.