Yadda ake tsugunon ƙafa ɗaya da dambel a hannu

Masu ɗaga ƙarfe suna kiran wannan atisaye tsugunon Bulgeriya. Ƙafar gaba ce ke ɗaukar kusan duk nauyin, ta baya kuwa tana kan benci don ta tokare ka kawai. Yana gina tsokar gaban cinya da ta ɗuwawu, yana kuma tona asirin ƙafar da ta fi rauni, wadda 'yar'uwarta ke rufa wa asiri in ana tsuguno da ƙafa biyu.

Ka nemi bencin da bai wuce gwiwarka ba, wato kamar santimita 40 zuwa 45, da dambel biyu, wato gajerun ƙarafan motsa jiki da ake riƙe kowanne da hannu ɗaya. Benci mai tsawo yana ɗaure gaban ƙugu, ya tilasta wa bayanka gantsarewa.

Wurin taka ƙafar gaba shi ne rabin aikin. Zauna a bakin bencin, ka miƙe ƙafar da za ta yi aiki. Inda diddigenka ya taɓa ƙasa, nan za ka tsaya. Sa alama da alli, don kada ka dinga lalube a kowane zagaye. In ka matso kusa da benci da yawa, diddige zai ɗaga, nauyi ya taru a gwiwa. In ka yi nisa, za ka ji kamar ana tsage maka matsematsi. Kada kuma ƙafafun su hau layi ɗaya kamar mai tafiya a kan igiya. Bar tazarar faɗin ƙugu a tsakaninsu, in ba haka ba tangaɗi zai hana ka komai.

Ɗauki dambel ɗin, ka ɗora bayan ƙafar baya a kan bencin, tafin yana kallon sama. Ja numfashi, ka tamke ciki, ka sauka a hankali cikin daƙiƙa 2 zuwa 3, har cinyar gaba ta kwanta daidai da ƙasa, gwiwar baya ta kusa taɓa daɓe. Sai ka danna tafin ƙafar gaba gaba ɗaya, ka taso kana fitar da numfashi. In ka ɗan rusuna gaba, ɗuwawu ne zai fi shan aiki. In ka miƙe sak, gaban cinya ne.

Ka sa ido a kan gwiwar gaba. Da gajiya ta zo, sai ta fara karkata ciki, domin tsokar gefen ɗuwawu ta saki. Tura ta waje ta bi saitin yatsan ƙafa na biyu, in ta ƙi, rage nauyi. Wucewarta gaban yatsu ba laifi ba ne muddin diddige na ƙasa. In cinyar baya ce ke raɗaɗi fiye da ta gaba, to da ita kake turawa.

Fara ba ƙarfe har sai ka yi 10 a jere ba tangaɗi. Daga nan ka ɗauki kilo 4 ko 5 a kowane hannu, zagaye 3, sau 8 zuwa 10 kowace ƙafa, da hutun minti ɗaya da rabi. Ƙafa mai ƙarancin ƙarfi ce ke farawa, kuma adadin da ta iya shi ɗayar za ta yi. Sau biyu a mako ya wadatar. Zafin tsoka ba komai ba ne, amma suka a cikin gwiwa alama ce ta a ajiye ƙarfen a ga likita.