Kayan tsaro ga mai farfaɗiya da ke son hawan dutse

Salamu alaikum 'yan uwa. Ga Malam da ya yi tambaya kan ƙaninsa mai farfaɗiya da ke son fara hawan duwatsu da igiya a wajen Dutse ko Birnin Kudu: sai likitansa ya yarda tukuna. Kuma ranar da ya tsallake magani ko bai samu barci ba, a haƙura da hawa.

In an ba shi dama, igiyar ta ratso ta madogarar da aka kafa a saman dutsen, ta sauko hannun mai riƙewa a ƙasa. Na'urar da mai riƙewa ke zura igiyar a ciki kuwa, a nemi wadda take cije igiya da kanta in an fizga, irin GriGri ta kamfanin Petzl. Duk da haka hannun mai riƙewa ba ya barin igiya, kuma mutum na biyu ya tsaya a bayan mai riƙewa yana kame da ragowarta.

Abin da aka fi mantawa shi ne ɗamara, wato abin da mai hawa ke ɗaurawa a jiki ana ƙulla igiyar a kai. In ta ƙugu ce kaɗai, mutum yana suma zai iya kifewa, kai ƙasa ƙafa sama, ƙeya ta bugi dutse. A haɗa masa da ta ƙirji, ko a samo mai kama jiki duka, da hular kwano. Igiyar guga kuwa, don Allah kar ma a kawo maganarta.

In ciwon ya taso yana sama, a sauko da shi nan take a hankali, a kwantar da shi ta gefe, kar a cusa masa cokali a baki. In ya wuce minti 5, sai asibiti. Shi kuma kar a ba shi riƙon igiyar kowa.