Daga kokawar talabijin zuwa damben keji: yadda ɗan wasa zai sauya fage

A gidajen kallo na Agege da Idi-Araba da Mile 12, idan babu wasan ƙwallo, akan juya tasha zuwa kokawar talabijin, wadda matasa ke kira resilin, ko kuma zuwa damben keji na MMA, inda ake gauraya naushi da shuri da kaye da shaƙa. Gardamar da kan biyo baya ita ce ko waɗannan ƙartin na WWE, babban kamfanin kokawar talabijin na Amurka, za su iya shiga keji su yi faɗan gaske, gardamar da ta ƙara zafi tun da WWE da UFC, babbar gasar damben keji, suka koma ƙarƙashin kamfani ɗaya mai suna TKO a watan Satumba na 2023. Amsar ita ce za su iya, wasu ma sun yi har sun ci kambu, sai dai kusan duk wanda ya yi nasara yana da tushe a faɗan gasa tun kafin ya fara wasan nishaɗi. Saboda haka matashin da ke koyon kokawar dandali, wato irin ta talabijin, a Legas, yana kuma hangen keji, ya kamata ya fara da auna tushensa kafin ya auna girman damtsensa.

Abin da za a fara warwarewa daga jiki

A kokawar talabijin an riga an tsara wanda zai yi nasara kafin a hau dandali, kuma 'yan wasan biyu abokan aiki ne da kowannensu ke kiyaye lafiyar ɗan'uwansa. Wannan bai rage wa sana'ar wahala ba, domin faɗuwar ta gaske ce, karaya da targaɗe ma na gaske ne. Amma dukkan horon an gina shi a kan haɗin kai: ana koya wa ɗan wasa ya saki jikinsa a ɗaga shi, ya ja hannu baya sosai kafin ya kai naushi don mai zaune a kujerar ƙarshe ya gani, ya rage ƙarfin bugu idan ya kusa sauka, ya kuma bayyana jin zafi a fuskarsa don 'yan kallo su tausaya masa. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ɗabi'u aibi ce a cikin keji. Wanda ya ja hannu baya ya sanar da abokin karawarsa abin da ke tafe, wanda ya nuna inda ke masa ciwo ya nuna inda za a ci gaba da duka, wanda kuma ya saba ɗaga haɓa sama don kyamara ta ɗauke shi da kyau ya miƙa wurin da naushi ɗaya ke sumar da mutum. Warware waɗannan ɗabi'u ya fi koyon sabuwar dabara cin lokaci, domin jiki yakan koma ga abin da ya saba da zarar gajiya ta kama shi a turmi na biyu.

Tarihin mutum biyu ya isa ya nuna yadda tushe ke raba gardama. Brock Lesnar ya ci gasar kokawa ta jami'o'in Amurka a ajin masu nauyi a shekarar 2000, yana ɗalibi a Jami'ar Minnesota, kafin ya shiga WWE. Da ya koma MMA a 2007 yana da shekara 29, abin da ya rage masa shi ne koyon naushi da kare kai daga murɗa gaɓa, kuma ko a hakan sai da Frank Mir ya kama masa gwiwa ya tilasta masa miƙa wuya a wasansa na farko a UFC cikin Fabrairun 2008. A watan Nuwamba na wannan shekarar ya doke Randy Couture ya karɓi kambun masu nauyi. CM Punk kuwa, wani tauraron WWE wanda a wajen iya magana da jan hankalin 'yan kallo ya fi Lesnar nesa ba kusa ba, bai taɓa yin gasar faɗa ba. Ya sa hannu a kwantiragi da UFC a ƙarshen 2014, ya yi kusan shekara biyu yana atisaye a hannun ƙwararru, amma da ya shiga keji a Satumban 2016, yana da shekara 37, Mickey Gall ya kayar da shi ya shaƙe shi cikin ƙasa da minti uku. Bobby Lashley da Jake Hager, 'yan kokawar talabijin waɗanda su ma suka yi kokawar jami'a, sun ci wasanninsu a gasar damben keji ta Bellator, abin da ya ƙara tabbatar da inda bambancin yake.

Tushen ma shi kaɗai ba ya wadatarwa idan aka yi gaggawa. Yuji Nagata na Japan ya yi kokawar gasa a ƙuruciyarsa, amma da aka tura shi gaban Mirko Cro Cop a Disamban 2001 ba tare da isasshen shiri ba, shuri ɗaya a ka ya gama wasan cikin daƙiƙa 21. Ɗan ƙasarsu Kazushi Sakuraba, wanda shi ma daga kokawar dandali ya fito amma ya ɗauki shekaru yana koyon dabarun murɗa da shaƙa na gaske, ya yi minti 90 yana fafatawa da Royce Gracie a birnin Tokiyo a shekarar 2000, har mutanen Gracie suka jefa tawul.

Abin da ɗan Arewa ya riga ya mallaka, da abin da ya rasa

A nan ne, a ganina, matashin Bahaushe ke da wata dama da bai cika lura da ita ba. Wanda ya taso yana kokawar gargajiya a filin gari bayan girbi ya fi kusa da keji a kan wanda ya koyi tsalle daga saman igiya, domin ya san yadda ake riƙe mutumin da ba ya so a riƙe shi, ya san nauyin jiki da sanya ƙafa da kiyaye tsayuwa. Oumar Kane na Senegal, wanda aka fi sani da Reug Reug, daga kokawar gargajiyar ƙasarsu ya fito, ya kuma ci kambun masu nauyi na gasar ONE a Nuwamban 2024. Kamaru Usman, haifaffen Auchi, da kokawar jami'a ya gina sana'arsa har ya karɓi kambun UFC a Maris na 2019, yayin da Israel Adesanya, haifaffen nan Legas, ya zo da gogewar damben shuri. Ɗan damben gargajiya shi ma yana da abin da ba a saye, wato ya saba ganin hannu yana tahowa fuskarsa ba tare da ya rufe ido ba.

Giɓin yana ƙasa. A dambenmu, da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, makaɗa su ɗauka. A kokawa ma kaye shi ne ƙarshen zance. A MMA kuwa faɗuwa tsakiyar faɗa ce, domin wanda ya yi kayen zai hau kan wanda ya kayar ya ci gaba da duka, na ƙasan kuma yana iya kama hannu ko wuya ya ci wasan daga inda yake kwance. Don haka abin da ya kamata a fara nema shi ne malamin jujitsu, wato fasahar murɗa da shaƙa a ƙasa, a ba wa wannan fanni kaso mafi girma na lokaci a shekarar farko: yadda ake tashi idan an danne mutum, yadda ake kare wuya idan abokin karawa ya zagayo ta baya, da kuma sanin lokacin da ya dace a buga hannu a sallama kafin gaɓa ta goce. Girman kai a wannan wuri ya nakasa mutane da yawa a ɗakin atisaye tun ba su kai ga keji ba. Ɗan dambe yana da ƙarin aiki, tunda ya saba da hannu ɗaya mai zare, ɗayan kuma garkuwa. Dole ya koya wa hannun garkuwar naushi, ya gyara tsayuwarsa ta gefe wadda ke barin ƙafar gaba a fili ga mai shuri.

Wajen zaɓen wurin horo, a duba ko akwai waɗanda suka taɓa yin gasa a cikin ɗaliban, a kuma duba ko kocin yana hana sababbin shiga dukan juna da ƙarfi a ka. A yi la'akari da nisa, domin wanda ke zaune a Agege ya yi rajista a Lekki zai ƙarar da ƙarfinsa a cikin danfo da cunkoson hanya, kuma ba zai jure zuwa sau huɗu ko biyar a mako ba, alhali abin da ake buƙata ke nan. Yankin babban filin wasa na Surulere, inda 'yan boksin da 'yan kokawa da 'yan judo suka daɗe suna atisaye, wuri ne mai kyau na fara tambaya.

Gasa, nauyi da lafiya

Kada sunan da mutum ya yi a dandali ya sa ya tsallake gasar masu son koyo. A wannan mataki turmi minti uku ne, ana sanya abin kare ƙwauri, an kuma haramta wasu nau'o'in bugu, don haka kuskure ba ya zama ajali ga sana'a. A matakin ƙwararru turmi minti biyar ne da hutun minti ɗaya a tsakani, turmi uku a wasa na yau da kullum, biyar idan na kambu ne, safar hannun kuma siririya ce mai buɗaɗɗun yatsu. Mai shirya wasa da ya ga ɗan kokawa yana da mabiya zai so ya sa shi a babban wasa nan take don tikiti ya sayu, kuma wannan tayin shi ne mafi haɗari a duk tafiyar, domin amfanin na mai shirya wasan ne, dukan kuma na ɗan wasa.

Batun nauyi yakan zo wa 'yan kokawar dandali a bazata, tunda a can girman jiki ado ne. A MMA akwai azuzuwa, daga cikinsu akwai kusan kilo 70, kilo 77, kilo 84, kilo 93, sai ajin masu nauyi wanda iyakarsa kusan kilo 120 ce, har ta kai Lesnar kansa sai ya rage jiki kafin ya hau sikeli. Tsokar da aka tara don kallo tana shan iska da yawa, mai ita yakan fara haki tun turmin farko bai ƙare ba, saboda haka a rage ɗaga ƙarfe mai nauyi a ƙara gudu da kokawa mai tsawo. Ana awo ne kwana ɗaya kafin wasa, wasu kan matse ruwan jikinsu don su cika sharaɗi, al'adar da ke iya taɓa ƙoda, kuma bai kamata a yi ta ba sai da sa idon likita. Mai azumi ya tsara kalandarsa yadda shirin wasa ba zai faɗo cikin Ramadan ba, kamar yadda tsohon zakaran UFC Khabib Nurmagomedov ya riƙa yi a zamaninsa.

Kafin wasa na farko a yi gwajin jini na cutar ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, a duba ido, a kuma ɗauki hoton ƙwaƙwalwa idan da hali, musamman ga wanda ya yi shekaru yana faɗuwa a kan dandali, domin wuya da baya da gwiwa sukan riga sun ji jiki. Magungunan ƙara tsoka, waɗanda ake sayarwa a ɓoye a wasu wuraren motsa jiki, suna iya rushe komai a rana ɗaya: nasarar da Lesnar ya samu a kan Mark Hunt a Yulin 2016 an soke ta bayan gwaji ya nuna haramtaccen magani a jikinsa.

Haɗa sana'o'in biyu a lokaci guda

Ana iya yin su tare, amma takarda ce ke yanke hukunci. Manyan kamfanoni sukan rubuta a kwantiragi cewa ɗan wasa ba zai yi wa kowa aiki ba sai su, shi ya sa Lesnar sai da ya sami izinin WWE kafin wasan 2016. Lashley ya haɗa Bellator da kokawar TNA a 2014, lokacin da tashar talabijin ɗaya ke nuna su duka biyun, Hager kuma ya yi faɗa a Bellator yana cikin kamfanin kokawar talabijin na AEW. Duk wanda aka miƙo wa takarda a Legas, ko daga mai shirya wasa na gida ko daga wata gasa ta Afirka ta Kudu irin su EFC, ya kai ta wurin lauya kafin ya sa hannu, ya tabbatar an rubuta tsawon wa'adinta, da kuɗin fitowa da na nasara, da kason manaja, da ko tana hana shi hawa dandalin kokawa, da kuma wanda zai biya kuɗin asibiti idan aka ji rauni. Ya kuma sani cewa shirin wasa ɗaya yakan ci makonni shida zuwa takwas, waɗanda a cikinsu bai kamata ya yi wasan dandali ba don gudun targaɗe, kuma idan aka sumar da shi a keji likitoci za su dakatar da shi na makonni ko watanni. A duk tsawon wannan lokaci babu kuɗin shiga daga ɓangarorin biyu, don haka wanda ke da shago a kasuwa ko wani aikin hannu kada ya sake shi tun bai ga kuɗin wasa yana biyan haya da abinci da kuɗin koci ba.